Yadda Za Ka Fahimci Yogar Tantra da Manufarta

Duk wanda ya nemi bayani a kan yogar Tantra a intanet, abin da zai fara cin karo da shi shi ne tallace-tallacen kwasa-kwasan ƙarshen mako da ake yi wa ma'aurata alkawarin gyaran zama da ƙarin jin daɗin shimfiɗa. Wannan fuska ba ta wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, kuma a Amurka da Turai aka ƙirƙiro ta. Ita kuwa al'adar da ake kira Tantra ta haura shekara 1,400 a duniya. Ta taso ne a Indiya a matsayin tafarkin ibada mai littattafai da malamai da sharuɗɗan shiga, daga nan ta bazu zuwa Nepal da Tibet da Sin da Japan da Kambodiya da tsibirin Java. Wanda yake son ya san ta yadda ma'abotanta suka bayyana ta, ko don neman ilimi kawai ko don ya iya tantance abin da ake sayar masa da sunanta, yana bukatar ya bi karatun daki-daki, domin wanda ya fara da zancen cakra da kundalini, wato cibiyoyi da ƙarfin ɓoye da ake cewa suna cikin jiki, kamar yadda akasarin mutane suke yi, tamkar wanda ya shiga gida ta taga ne, zai ga kaya amma ba zai gane tsarin ɗakunan ba.

Ka fara da tambayar wace Tantra ake nufi

Babu littafi guda ko shugaba guda da ya haɗa dukkan masu bin wannan tafarki. Akwai ɗaruruwan littattafai da aka rubuta da harshen Sanskrit, galibinsu a siffar tattaunawa tsakanin Shiva, ɗaya daga manyan ababen bautar Hindu, da allahiyar da ke matsayin abokiyar zamansa, ɗaya yana tambaya ɗaya yana amsawa. Mafi daɗewa da ya iso hannun masana a ɓangaren masu bautar Shiva shi ne Nishvasatattvasamhita, wanda ake ganin an fara tsara shi tsakanin ƙarni na 5 da na 6, kuma ya tsira ne a wani kwafi na ganyen itace da aka adana a Nepal. Daga ƙarni na 8 zuwa na 12 al'adar ta kai ganiyarta, sarakuna suna karɓar shigarwa daga malamanta suna kuma gina mata wuraren bauta.

Saboda haka, duk lokacin da ka karanta cewa Tantra ta ce kaza, ka tsaya ka nemi sanin wane reshe ake magana a kai. A cikin addinin Hindu akwai reshen Shaiva Siddhanta, wanda yake tsananta tsarki da bin ƙa'ida, kuma har yau shi ne yake tafiyar da ibada a manyan wuraren bautar Shiva na jihar Tamil Nadu. Akwai rassan Kaula da Trika da Krama, waɗanda suka fifita allahiya kuma suka yi ƙarfi a Kashmir. Akwai Shri Vidya, da aka sani da zanen nan mai alwatika tara masu shiga juna waɗanda suke haifar da ƙananan alwatika 43. Masu bautar Vishnu, wani babban abin bautar Hindu, suna da nasu mai suna Pancaratra. A addinin Buddha kuma akwai Vajrayana, wadda ta bunƙasa a manyan cibiyoyin karatu irin su Nalanda da Vikramashila, ta shiga Tibet a ƙarni na 8 zamanin malami Padmasambhava da sarki Trisong Detsen, ta kuma isa Japan a hannun Kukai, wanda ya dawo daga Sin a shekarar 806 ya kafa ɗariƙar Shingon. Waɗannan rassa sun yi tarayya a salon aiki, amma sun saɓa a aƙida saɓani mai nisa, har wasunsu sun rubuta raddi a kan wasu.

Sannan ka fahimci abin da ake nema

Hanya mafi sauƙi ta gane manufar yogar Tantra ita ce a ajiye ta kusa da yogar Patanjali, wadda littafinta na Yoga Sutra ya fito wajen ƙarni na 4 zuwa na 5. A wurin Patanjali ruhi daban yake da duniyar jiki da tunani, kuma nasarar mai yoga ita ce ya kwance ruhin daga wannan cakuɗa har ya keɓe shi kaɗai. Jiki da sha'awa da ji da gani abubuwa ne da ake janye hankali daga gare su.

Malaman Kashmir sun ɗauki wata hanya. A koyarwar Utpaladeva na ƙarni na 10 da Abhinavagupta, wanda ya yi tashe wajen 975 zuwa 1025, abu guda ne kawai yake da samuwa ta haƙiƙa, wato hasken sani marar iyaka wanda suke kira Shiva, kuma ikon da wannan sani yake da shi na bayyana kansa a siffofi shi ne Shakti. Duniya a wurinsu bayyanar wannan sani ce ta gaske, sun kuma lissafa matakai 36 da yake saukowa ta cikinsu, tun daga tsantsar sani har zuwa ƙasar da ake takawa. Ɗan Adam a wannan fahimta Shiva ne da ya takura kansa ya mance ko shi wane ne, kuma abin da ya ɗaure shi ƙazanta uku ce: jin cewa shi ƙarami ne mai tawaya, ganin kansa a rabe da sauran halitta, da nauyin ayyukan da ya aikata. Tun da cutar mantuwa ce, maganinta shi ne sake gane kai. Kuma tun da jiki da numfashi da gaɓoɓin ji duk daga wannan sani suka fito, babu dalilin gudunsu, sai ma a mayar da su kayan aiki. Burin da ake nema shi ne mutum ya kuɓuta daga zagayen mutuwa da sake haihuwa tun yana raye, yana cikin iyalinsa da sana'arsa.

Mutanen Shaiva Siddhanta ba su yarda da wannan ba. A wurinsu rai daban yake da Shiva har abada, iyaka ya zama daidai da shi a sani da iko bayan ya kuɓuta, kuma ƙazantar da ta lulluɓe shi abu ce mai jiki wadda ilimi kaɗai ba ya gusar da ita. Misalin da malamansu suke bayarwa shi ne na yanar ido: sanin cewa kana da ita ba ya sa ka gani, sai likita ya sa hannu ya cire ta, kuma likitan a nan shi ne Shiva yana aiki ta hannun malami a lokacin bikin shigarwa. Wannan saɓani shi ne ya sa wasu littattafan suka cika da dokokin tsafi da hadaya, wasu kuma suka karkata ga zuzzurfan tunani, kuma wanda ya riƙe shi a ka zai daina mamakin ganin littattafai biyu masu suna Tantra suna tufka da warwara.

A ɓangaren Buddha babu mahalicci kuma babu rai madawwami. Abin da ake nema shi ne kaiwa matsayin Buddha domin amfanin dukkan masu rai, kuma da'awar Vajrayana ita ce tana iya kai mutum can a rayuwa guda, maimakon zamunna marasa ƙidayuwa da sauran hanyoyin suke ɗauka. Dabarar ita ce mai aikin ya riƙa ɗaukar kansa tun yanzu a siffar abin da yake son ya zama, tare da tuna cewa shi da siffar duk ba su da samuwa mai cin gashin kanta.

Akwai buri na biyu da littattafan ba su ɓoye ba, ko da yake masu tallata Tantra a yau suna kauce masa, wato neman iko da biyan bukatun duniya. A wasu rassan tun ranar shigarwa ake tambayar almajiri ko kuɓuta yake nema ko jin daɗi da iko, domin aikin da za a ba shi ya danganta da amsarsa. Babi-babi ne a littattafan a kan warkar da cuta da maganin dafin maciji da kare masarauta da jawo zuciyar wani da ma cutar da abokin gaba. A ganina wanda ya tsallake waɗannan babuka don ya fitar da Tantra tsaf a matsayin falsafa zalla ya yi wa tarihi ƙwange, kamar dai yadda mai mayar da ita zancen jima'i ya yi. Daga nan kuma ya kamata mai karatu da yake da nasa addinin ya gane cewa abin da ke gabansa aƙida ce da bauta ga ababen bauta sanannu, don haka shiga cikinta a aikace shawara ce ta addini wadda ta bambanta da karanta ta don ilimi.

Ka san ƙofar shiga

A al'adance ba a koyon Tantra daga littafi. Ana shiga ne ta bikin da Hindu suke kira diksha, mabiya Buddha kuma suke kira abhisheka, kuma malamin da ya karɓa daga nasa malamin ne kaɗai yake da izinin yi. Mantra lafazi ne mai tsarki da ake maimaitawa a ibada, kuma littattafan sun nace cewa mantrar da aka tsinta a rubuce ba tare da an karɓe ta daga bakin malami ba ba ta da rai. Wani abin lura shi ne da yawa daga rassan sun buɗe wannan ƙofa ga mata da mutanen da tsarin ajin haihuwa ya hana su karatun Veda, tsofaffin littattafan Hindu masu tsarki, abin da ya taimaka wajen yaɗuwarsu.

Ga yadda bikin yake a tsarin masu bautar Shiva. Ana zana mandala, wato zanen ibada mai wakiltar mazaunin ababen bauta, a ƙasa da garin launuka, a ɗaure wa almajiri ido da ƙyalle, a kawo shi bakin zanen a sa masa fure a hannu ya jefa. Inda furen ya faɗa shi yake nuna abin bautar da yake da alaƙa da shi, daga nan kuma ake ciro sabon sunansa. A babban matakin shigarwa malami yana rataya zare daga tukkun almajirin har zuwa babban yatsan ƙafarsa, zaren yana wakiltar igiyoyin da suka ɗaure ransa, sannan ya yi ta zuba hadaya a wuta yana ɗaga ran daga mataki zuwa mataki yana ƙone sakamakon ayyukan da za su sa a sake haihuwarsa a kowanne, a ƙarshe a yanke zaren a jefa shi a wuta. Jefa furen ya bi al'adar har gabashin Asiya, domin tarihin Shingon ya kawo cewa lokacin da Kukai ya karɓi shigarwa daga malaminsa Huiguo a birnin Chang'an a shekarar 805, furensa a kan Buddha Mahavairocana da ke tsakiyar zanen ya sauka. Bayan bikin almajiri yana ɗaukar alkawura da za su bi shi har mutuwa, mafi nauyinsu yin ibadar kullum da girmama malami da ɓoye abin da aka ba shi a asirce.

Ka dubi aikin yau da kullum da kyau

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin nan ne aƙidar take zama aiki. Wanda aka shigar yana tashi kafin fitowar rana, ya yi wanka, ya zauna yana fuskantar gabas ko arewa. Abin da zai fara yi shi ne rushe jikinsa na yau da kullum a zuci. Yana suranta sinadarai biyar da suka yi imani an gina jiki da su, ƙasa da ruwa da wuta da iska da sarari, kowanne yana narkewa cikin na sama da shi, sannan ya suranta wuta ta taso daga yatsan ƙafarsa ta cinye jikin ƙurmus, iska ta kwashe tokar, wani ruwa mai sanyi ya kwararo daga saman kansa ya wanke wurin. A kan wannan fili ne zai gina sabon jiki da sautuka. Yana taɓa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, sannan ya taɓa ƙirji da kai da tukku da kafaɗu da idanu, a kowane wuri yana furta gaɓar mantra da aka keɓe masa, aikin da ake kira nyasa. Ƙa'idar da ke bayan wannan duka ita ce sai wanda ya zama abin bautar ne ya cancanci ya bauta masa.

Bayan haka yana yin bautar sau biyu. Da farko a cikin zuciyarsa, inda yake suranta kursiyi da abin bautar zaune a kai da dukkan siffofinsa, yawan hannaye da launin fata da abin da kowane hannu yake riƙe da shi, ya miƙa masa ruwa da fure da turare da fitila da abinci duk a tunani. Sannan ya fito da shi ta numfashi zuwa kan zane ko mutum-mutumi da ke gabansa ya maimaita hidimar da kayan gaske. Daga nan sai jan carbi mai ƙwaya 108 yana maimaita mantrarsa. Wanda yake son mantrar ta nuna a hannunsa yana ɗaukar wani zango na musamman inda zai maimaita ta, bisa ƙa'idar da ta fi yaɗuwa, sau 100,000 ga kowace gaɓa da ke cikinta, yana takaita abinci da magana har ya kammala.

A Tibet siffar aikin kusan ɗaya ce duk da bambancin aƙida: mai aikin yana narkar da komai cikin wofi, daga wofin harafi guda ya bayyana, daga harafin ya tashi a siffar abin bautar, a ƙarshen zaman kuma ya sake narkar da siffar don kada ya riƙe ta a matsayin wani sabon kai. Kafin a ba mutum wannan a yawancin ɗariƙun sai ya gama share fage da ake kira ngondro, wanda ya ƙunshi faɗuwa ƙasa da dukkan jiki sau 100,000, ana miƙe hannaye gaba har goshi ya taɓa ƙasa sannan a tashi tsaye a sake, da maimaita mantrar Vajrasattva mai gaɓa ɗari sau 100,000, da wasu ayyuka biyu masu irin wannan adadi. Mai aikin yi da iyali yakan share shekaru a kan wannan kaɗai. Wanda zai zama malami a wasu ɗariƙun yana shiga halwa ta shekara uku da wata uku.

Idan ka lura, har yanzu ba a ambaci lanƙwasa jiki ba. Yoga a waɗannan littattafai aiki ne na numfashi da hankali, kuma ɗaya ce daga ɓangarori huɗu da Shaiva Siddhanta ta kasa koyarwarta, sauran ukun su ne ilimi da ayyukan bauta da ladubban rayuwa. Inda Patanjali ya lissafa rassan yoga takwas, littattafan Shiva da yawa shida suke kawowa, babu salon zama a cikinsu, amma akwai tantancewa da hankali, wadda Abhinavagupta ya ɗauka a matsayin mafi girman rassan.

Yanzu ka zo kan cakra da kundalini

Littattafan suna siffanta wani jiki na ɓoye mai hanyoyi da iskar rai take bi, waɗanda aka fi cewa 72,000 ne, uku daga ciki su ne manya: ida a hagu, pingala a dama, sushumna a tsakiya. Suna cewa mutum yana numfashi sau 21,600 a yini da dare, kuma idan ka yi lissafi za ka ga sau 15 ke nan a minti, adadin da bai yi nisa da abin da likitoci suke aunawa ga baligi mai hutawa ba. A fahimtarsu, muddin iska tana kai da komo ta hagu da dama, hankali yana cikin rarrabuwa. Aikin mai yoga shi ne ya tattara ta ya shigar da ita hanyar tsakiya, inda ƙarfin da ake kira kundalini zai tashi ya ratsa cibiyoyi har ya kai saman kai.

Abin da ya kamata ka riƙe a nan shi ne adadin cibiyoyin bai taɓa zama ɗaya ba. Hevajra Tantra ta mabiya Buddha huɗu ta kawo, wasu littattafan biyar, wasu tara, wasu fiye da haka, domin kowace silsila tana ba almajiranta taswirar da za su suranta su dasa mantra da ababen bauta a kai. Tsarin cakra shida da ta bakwai a saman kai, wanda ya mamaye duniya yanzu, ya shahara ne saboda wani littafi da Purnananda ya rubuta a 1577, wanda John Woodroffe, alƙali a babbar kotun Kalkata, ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1919 da sunan aro na Arthur Avalon. Launukan bakan gizo da ake liƙa wa cakra, da danganta kowacce da wata matsalar halayya, ƙari ne na marubutan Yamma a ƙarni na 20. Duk wanda ya ce maka zai auna cakrarka ya gaya maka wadda ta toshe, daga wannan ƙarin yake magana.

Wasu daga cikin ayyukan suna da tasiri a jiki wanda aka auna. Tummo, aikin tayar da zafin ciki da ke cikin yoga shida na Naropa, wani malamin Buddha ɗan Indiya, shi ne Herbert Benson na jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka bincika a jikin wasu 'yan zuhudun Tibet mazauna arewacin Indiya, suka kuma wallafa a mujallar Nature a 1982 cewa zafin yatsun hannu da na ƙafa ya ƙaru da abin da ya kai digiri 8.3 a ma'aunin Salshiyos. Su masu aikin ba ɗumi suke nema ba, alama ce kawai a wurinsu cewa iska ta fara shiga hanyar tsakiya. Daga irin waɗannan dabaru ne hatha yoga, yogar sarrafa jiki da numfashi, ta fito, kuma littafinta Hathapradipika na ƙarni na 15 salon zama 15 kacal ya bayyana.

Abin da za a iya gwadawa ba tare da shigarwa ba

Akwai littafi guda da ya fita daban, wato Vijnana Bhairava, wanda ya kawo dabarun tattara hankali 112 kuma bai ɗora su a kan hadaya ko zane ba. Daga cikinsu akwai lura da ratar da ke tsakanin tunani biyu, da kallon sararin sama marar gajimare ba tare da ƙifta ido ba, da bin sautin kayan kiɗa mai tsirkiya har ya ɓace, da tsayawa a kan farin cikin da ke tasowa idan an ga aboki bayan doguwar rabuwa, har da lura da farkon atishawa da ƙarshenta. Dabarar da ke bayansu guda ce: a duk inda wani abu ya ƙare wani bai fara ba, akwai ɗan buɗi da hankali yake tsayawa babu abin da ya riƙe.

Wadda ta fi sauƙin gwadawa ita ce ta numfashi. Ka zauna da baya a miƙe ba tare da ƙanƙame jiki ba, ka bar numfashi ya tafi yadda ya saba. Ka bi iskar da hankalinka tana shiga har ta tsaya a ƙirji, ka lura da ɗan tsaikon da ke nan kafin ta juya, sannan ka bi ta tana fita har ta ƙare a waje, ka lura da tsaiko na biyu kafin sabuwa ta shigo. Kada ka tsawaita tsaikon da gangan, aikinka lura ne kawai, kuma idan tunani ya ɗauke ka sai ka dawo a juyi na gaba. Minti goma ya isa ga mai farawa. Littafin kansa yana ɗaukar wannan tsaiko a matsayin wurin bayyanar Bhairava, wato Shiva, don haka ma'anar da ya ba aikin ta addini ce ko da yake lura da numfashi ba mallakar wata al'ada guda ba ce.

Riƙe numfashi na tsawon lokaci da hura shi da ƙarfi da matse gaɓoɓin ciki don tayar da kundalini wani abu ne daban, kuma littattafan da kansu sun yi gargaɗin cewa yin su ba bisa ƙa'ida ba yana jawo cuta. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko farfaɗiya, da mace mai ciki, da wanda ya taɓa fama da taɓin hankali ko matsanancin firgici, kada su taɓa su sai da shawarar likita.

Batun jima'i da yadda za a auna malami

Gaskiya ne wasu rassan, musamman Kaula da manyan tantrocin Buddha, suna da ibadun da ake amfani da abubuwan da al'ummar Brahman, ajin malaman addinin Hindu, take ƙyama. Littattafan da suka zo daga baya sun jera su biyar: giya, nama, kifi, soyayyen hatsi da saduwa. Asalinsu yana komawa ga masu zuhudun da suke zama a wuraren ƙona gawa suna neman yardar allahiyoyin da ake kira yogini, waɗanda har yau ana iya ganin ɗakin bautarsu mai siffar da'ira marar rufi a Hirapur kusa da Bhubaneswar a jihar Odisha, da gumakansu jere a bangonsa. Malaman Kashmir sun fassara manufar da cewa karya tsoron ƙazanta ne, domin wanda yake da'awar komai sani guda ne amma jikinsa yana rawa idan ya taɓa abin da aka ce najasa ne, da'awarsa ba ta wuce baki ba. Amma waɗannan ibadu na 'yan ƙalilan ne da suka kai wani mataki, ana yin su a ɓoye a ranaku ƙayyadaddu, kuma mafi yawan mabiya sun maye gurbinsu da wasu abubuwa marasa laifi ko suka mayar da su surantawa a zuci. A Tibet, Tsongkhapa, wanda ya rayu daga 1357 zuwa 1419 kuma ya kafa ɗariƙar Gelug da Dalai Lama yake ciki, ya tsaya kai da fata cewa ɗan zuhudu ya riƙe alkawarinsa na ƙauracewa mata.

Mayar da wannan ɗan yanki ya zama shi ne Tantra gaba ɗaya ya fara ne da Pierre Bernard, Ba'amurken da ya kafa wata ƙungiya da sunan Tantra a farkon shekarun 1900, ya kuma ƙara ƙarfi a shekarun 1970 ta hanyar laccocin Rajneesh, wanda daga baya aka sani da Osho. Idan wani ya gabatar maka da kansa a matsayin malamin Tantra, ka tambaye shi wa ya shigar da shi, a wace silsila, kuma wane littafi silsilar take bi, domin malamin gaske yana amsa waɗannan ba tare da kwana-kwana ba. Ka lura ko yana gaggauta ka, ko yana sa kuɗi mai yawa a kan kowane mataki, ko yana raba almajirai da danginsu. Wanda ya ce kusantar jikinsa wani ɓangare ne na koyarwa, ka bar wurin nan take, domin an sha samun manyan malamai masu suna a Indiya da Turai da Amurka da almajiransu suka fallasa da cin zarafi a ƙarƙashin wannan hujja, kuma alkawarin ɓoye sirri shi ne abin da ya rufe bakin waɗanda aka zalunta shekara da shekaru. Al'adar Tibet da kanta ta ba almajiri damar ya binciki malami har tsawon shekara 12 kafin ya miƙa wuya.

Wajen karatu, kada ka fara da Tantraloka na Abhinavagupta, mai babi 37, domin ko masana suna shan wuya da shi. Almajirinsa Kshemaraja ya taƙaita koyarwar a jimloli 20 cikin Pratyabhijnahridayam, ya kuma faɗa cewa ya yi shi ne don waɗanda ba su ƙware a ilimin mantiƙi ba, kuma Jaideva Singh ya fassara shi zuwa Ingilishi tare da Vijnana Bhairava. Ka riƙa duba shekarar da aka buga duk littafin tarihin da ka ɗauka, saboda fagen yana sauyawa da sauri tun bayan da wani shirin haɗin gwiwa na Nepal da Jamus da aka fara a 1970 ya ɗauki hoton rubuce-rubucen hannu fiye da 180,000, waɗanda da yawansu har yanzu ba a tace su an buga ba. Sai a 2015 aka fitar da juzu'in farko na tataccen bugun Nishvasatattvasamhita, sannan a 2021 James Mallinson da Péter-Dániel Szántó suka buga Amritasiddhi, littafin ƙarni na 11 da ya nuna cewa koyarwar hatha yoga mafi daɗewa da aka samu a rubuce daga hannun mabiya Tantra na addinin Buddha ta fito, abin da tsofaffin littattafan tarihi da yawa ba su ambata ba.